Soichiro Honda: ɗan maƙerin da gwamnati ta so ta hana shi ƙera mota

A Faransa da Jamus da Amurka, da ita kanta Japan, akwai mutanen da ba abin da ke ɗauke musu hankali kamar farautar tsoffin motocin gudu na Japan. Suna bin tallace-tallace a intanet, suna zuwa gwanjo, suna leƙa bayan garaji da rumbunan manoma, ko Allah zai haɗa su da wata da ta shekara arba'in a ajiye ƙura ta binne ta. In sun dace sai su saya, su kwance ta kaf, su kankare tsatsa, su shekara biyu ko uku suna mai da ta yadda ta fito daga masana'anta. Cikin waɗanda ake nema ruwa a jallo akwai Toyota 2000GT, da Datsun 240Z, da Mazda Cosmo, da wata ƴar ƙarama mai kujera biyu wadda tsawonta bai kai mita uku da rabi ba, Honda S800.

Mutumin Filinge ko na Damana na iya cewa ina ruwansa da wasan masu kuɗi. To, da ruwansa. Da yawa daga cikin motocin hawa masu taya biyu da ke cika kasuwar Baleyara ran Lahadi, ko da sunan kamfanin ƙasar Sin ne a jikin tankinsu, an kwaikwayi injinsu ne daga Honda CG125 ko daga Super Cub. Gidan da ya fitar da waɗannan shi ya fitar da waccan ƴar motar, kuma wanda ya kafa gidan yaron gareji ne da ya fara sana'a da goyon ɗan maigidansa.

An haifi Soichiro Honda ranar 17 ga Nuwamba 1906 a ƙauyen Komyo, kusa da garin Hamamatsu. Mahaifinsa Gihei maƙeri ne da ya koma gyaran kekuna, yana sayen waɗanda suka lalace ya tada su ya sayar. Mahaifiyarsa Mika masaƙiya ce. Yaron ya tashi tsakanin zugazugi da uwar maƙera, kamar kowane ɗan maƙera a ƙasar Kurfai, kuma karatun boko bai taɓa shiga ransa ba. Ana ba da labarin cewa da aka ba shi takardar sakamako ya kai gida a buga mata hatimin iyali, sai ya sassaƙa nasa hatimin da robar fedar keke. Asirinsa bai tonu ba sai da ya fara yi wa abokai, don bai lura cewa rubutun hatimi a juye ake sassaƙa shi ba. Haruffan sunan Honda ko an juya su kamanninsu ɗaya, na sauran yaran ne suka fito a birkice.

A 1917, yana ɗan shekara goma, ya ji labarin wani Ba'amurke mai suna Art Smith zai yi wasa da jirgin sama a Hamamatsu. Ya ɗauki keken mahaifinsa, wanda ya fi ƙarfinsa, ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda ya tuƙa kimanin kilomita ashirin. Kuɗinsa ba su kai na shiga fili ba, sai ya hau itace ya yi kallo daga can.

Motocin da wuta ta ci

A 1922 ya tafi Tokyo koyon aiki a wani garejin mota da ake kira Art Shokai, na wani mutum mai suna Yuzo Sakakibara. Watannin farko ko sifana ba a bari ya taɓa ba: shara, aike, da goyon jariri a baya. Duk yaron da aka kai garejin Yamai ko na Ƙofar Ruwa a Kano ya san wannan zaman.

Abin da ya buɗe masa hanya masifa ce. Ranar 1 ga Satumba 1923 girgizar ƙasa da gobarar da ta biyo bayanta suka hallaka mutum fiye da dubu ɗari a Tokyo da kewaye. Yawancin yaran garejin suka koma garuruwansu, shi ya tsaya. Birnin ya cika da gawarwakin motoci da wuta ta ci, kuma ana matuƙar bukatar abin hawa, sai garejin ya shiga tada su ɗaya bayan ɗaya. A nan Honda ya koyi mota ciki da waje, ta hanyar raya wadda kowa ya fid da rai da ita. Wato abin da masu sha'awar tsoffin motocinsa ke yi yau don nishaɗi, shi da shi ya fara cin abinci.

Maigidan nasa mai son tsere ne. Suka ɗora injin jirgin sama na Curtiss a kan ƙashin wata motar Amurka mai suna Mitchell, kuma a Nuwamban 1924 motar ta ci gasa, Honda na zaune gefen direba a matsayin makaniki. A 1928 aka ba shi izinin buɗe reshen Art Shokai a Hamamatsu, yana da shekara ashirin da ɗaya. Ya yi suna da gyara abin da ya gagari wasu, ya yi kuɗi, ya kuma kashe su a shagali da shaye-shaye ba tare da ɓoyewa ba. Tseren da yake yi da kansa ya ƙare a Yunin 1936 a filin Tamagawa, inda motar Ford da ya sauya wa inji ta yi karo da wata ta wuntsila. Ya ji mummunan rauni a fuska, ƙanensa Benjiro da ke tare da shi ma ya jikkata.

Daga nan ya ce gyara ya ishe shi, ƙira yake so. Ya kafa kamfanin Tokai Seiki don yin zoben fistin, wanda kanikawa ke kira ringi. Abu ne ƙarami mai kama da awarwaro, ya ɗauka wasa ne. Cikin guda hamsin da ya kai wa Toyota gwaji, uku kaɗai aka karɓa. Sai da ya sauke girman kai ya je makarantar fasaha ta Hamamatsu aka auna ƙarfensa, aka gaya masa sinadarin silikon ne bai ji ba. Ya zauna aji da yara yana ɗan shekara talatin, yana sauraron darasin da ya shafi aikinsa kawai, ba ya zana jarrabawa, don haka bai fita da takardar shaida ba. Ringin dai ya gyaru, Toyota ta zama babbar mai saye. Yaƙin duniya na biyu ya rushe komai: bam ya ci masana'anta ɗaya a 1944, girgizar ƙasa ta kada ɗayar a farkon 1945. Ya sayar wa Toyota abin da ya rage a kan yen 450,000, ya yi shekara guda ba ya aikin komai.

A Oktoban 1946 ya dawo da wata dabara mai sauƙi. Sojoji sun bar ƙananan injunan janareta na rediyo kimanin ɗari biyar, ya saye su yana ɗaura wa kekuna. Da suka ƙare ya ƙera nasa. An yi rajistar kamfanin Honda Motor ranar 24 ga Satumba 1948, kuma shekara guda bayan haka ya haɗu da Takeo Fujisawa, mutumin da ya riƙe masa kuɗi da ciniki har ƙarshe. Rabon aikin nasu a fili yake: Honda na masana'anta cikin fararen kayan aiki, Fujisawa na ofis da banki. Ba don Fujisawa ba da kamfanin ya durƙushe tun a 1954, lokacin da bashi ya kai masa iya wuya. A 1958 suka fitar da Super Cub, wanda a 2017 adadin da aka ƙera ya haura miliyan ɗari. A 1961 baburan Honda suka kwashe matsayi biyar na farko a rukuni biyu na gasar tsibirin Man, gasar da Turawa ke ganin tasu ce ta gado.

Rigima da ma'aikatar masana'antu

A daidai wannan lokaci ne Ma'aikatar Kasuwanci da Masana'antu ta Japan ta fito da wani tsari. Tana tsoron in aka buɗe kasuwa kamfanonin Amurka za su haɗiye na gida, don haka ta so a tattara masu ƙera motoci zuwa rukuni kaɗan, a kuma rufe ƙofa ga sababbin shiga. In dokar ta wuce, Toyota da Nissan sun tsira, Honda kuwa zai mutu yana mai babur. Ya yi faɗa da manyan ma'aikatar baki da baki, musamman wani babban jami'i mai suna Shigeru Sahashi. Hujjarsa ita ce gwamnati ba ta da hannun jari a kamfaninsa, ba ta da hurumin gaya masa abin da zai ƙera, kuma gasa ce ta sa baburansa suka kada na Turai, ba kariya ba.

Faɗa da baki bai isa ba. Hanya ɗaya ita ce ya riga dokar: kafin majalisa ta zartar, a same shi ya riga ya zama mai ƙera mota. Aka shiga aiki ba dare ba rana. Ranar 5 ga Yuni 1962, a filin tsere na Suzuka da ko gama gininsa ba a yi ba, Honda da kansa ya tuƙo wata ƴar jar mota marar rufi, S360, ya wuce gaban dillalansa. Ko jan fentin sai da aka yi ta kai da komo da hukuma, domin a lokacin launin ja na motocin kashe gobara ne.

S360 ba ta taɓa shiga kasuwa ba. A Agustan 1963 aka fara sayar da ƴar akori-kura T360, a Oktoba kuma S500 ta fito, ita ce motar fasinja ta farko da kamfanin ya sayar. Kafin fitowarta an yi gasar kintata farashinta, katunan amsa sama da miliyan biyar suka shigo ta gidan waya. Farashin ya tsaya a yen 459,000. Dokar da ta jawo duk wannan gaggawa kuwa ta mutu a majalisa a 1964 ba a zartar da ita ba.

Duk makanikin da ya buɗe murfin injin S500 zai gane cewa masu babur ne suka yi ta. Injin ƙarami ne, cc 531, silinda huɗu, kowace da tata kafireta. Yana ba da ƙarfin doki 44 ne sai ya kai juyi 8,000 a minti ɗaya, a zamanin da motar gida ke haki tun tana wajen 5,000. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne baya: kowace tayar baya sarƙa ce ke juya ta, a cikin wani akwatin alminiyam mai mai, kamar dai babur biyu aka jera. Dabarar ta bar wa but wurin ajiye kaya da tayar safaya. In direba ya taka mai, sai bayan motar ya ɗan ɗaga sama, kuma har yau masu ita na son wannan ɗagawar.

Guda 1,363 kaɗai aka yi. A 1964 S600 ta gaje ta, wadda ita aka fara yi wa sitiyarin hagu don kasuwannin waje. A 1966 S800 ta zo da ƙarfin doki 70 da gudun kilomita 160 a awa. Ba a jima ba aka cire mata sarƙar aka sa irin bayan da kowa ya sani, aka kai ta Faransa da Ingila da Jamus, har aka daina yin ta a 1970. Duka ukun in an haɗa ba su wuce kimanin 26,000 ba, kuma tsatsa ta cinye da yawa. Wannan ƙarancin ne ke sa mai neman ta ya ƙetare ƙasa don ya duba guda ɗaya. Wahalar kuma tana farawa ne bayan saye. Daidaita kafireta huɗu su yi numfashi tare aiki ne na mai haƙuri da kunne, kayan gyara sun ƙare a kanti tun tuni, sai dai a nemi wata matacciya a ciro, ko a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya yi sabo. Makanikin Filinge da ke tada tsohuwar Land Cruiser da kayan wasu motoci uku ba zai ga baƙon abu a nan ba, illa dai shi larura ce ta sa shi.

Taurin kan da ya ci rai

Halin da ya kada ma'aikata shi ne kuma ya kusa kada kamfanin. Ma'aikatansa na kiransa Baba, amma suna tsoronsa kamar aradu, domin in ya ga aikin ganganci yakan yi tsawa, wani lokaci har ya kai hannu ko ya yi jifa da sifana. Waɗanda suka yi aiki da shi ba su ɓoye wannan ba, kuma ba abin yabo ba ne.

Ya shiga gasar Formula 1 a 1964, shekara guda kacal da fara sayar da mota. Richie Ginther ya ci masa tseren Meksiko a 1965, John Surtees ya ci na Italiya a 1967. Sai dai Honda ya kafe a kan cewa inji iska ya kamata ta sanyaya shi, ba ruwa ba. Tunaninsa shi ne tun da ruwan lagireto ma iska ce ke sanyaya shi, a yar da ruwan a huta da yoyo. A kan babur maganarsa gaskiya ce. A kan babban inji mai zafi kuwa injiniyoyinsa sun san ba za ta yi ba.

Ya sa aka ƙera motar tsere RA302 mai sanyin iska, jikinta na ƙarfen magneziyam mai saurin kama wuta. Surtees ya gwada ta ya ƙi shiga gasa da ita, ya ce ba ta nuna ba. Duk da haka aka kai ta tseren Faransa a Rouen, aka ba wani Bafaranshe ɗan shekara arba'in, Jo Schlesser. Ranar 7 ga Yuli 1968, tun a zagayen farko-farko, motar ta ƙwace masa a kwana cike da mai, ta kama da wuta, ya mutu a ciki. A ƙarshen shekarar Honda ya janye daga gasar. Sunan Schlesser ba baƙo ba ne a Nijar: ɗan ɗan'uwansa, Jean-Louis Schlesser, shi ya ci gasar Dakar ta 2000, wadda aka katse a Yamai saboda barazanar tsaro aka kwashe motocin ta jirgin sama zuwa Libiya.

Mutuwar ba ta sa Baba ya saki ra'ayinsa ba. A 1969 ya fitar da motar gida Honda 1300, ita ma mai sanyin iska. Tana da ƙarfi, amma ta yi nauyi a gaba, ta yi tsada, kasuwa ta juya mata baya. Wani matashin injiniya, Tadashi Kume, ya fusata ya ƙaurace wa aiki na wani lokaci. Matasan suka kai kuka wurin Fujisawa, wanda bai san komai game da inji ba amma ya san mutane. Ya je ya tambayi abokinsa wanne ya zaɓa, ya zama shugaban kamfani ko ya zama injiniya. Honda ya yi shiru, sannan ya zaɓi shugabanci, ya bar yaran su yi injin ruwa.

Abin da suka yi shi ne Civic ta 1972 da injin CVCC, wanda ya fara cika sharuɗɗan dokar tsabtace iska ta Amurka ta 1970, a lokacin da manyan kamfanonin Detroit ke cewa ba za ta yiwu ba. Motar da ta ceci kamfanin an yi ta ne bisa ra'ayin da mai kamfanin ya yi shekaru yana yaƙa. Kume ɗin da ya yi yaji daga baya ya zama shugaban Honda a 1983.

A Oktoban 1973 Honda da Fujisawa suka sauka rana ɗaya, ɗaya na da shekara 66, ɗayan 62. Suka miƙa wa Kiyoshi Kawashima ɗan shekara 45. Tun farko sun yi alkawari ba za su gadar wa ƴaƴansu kamfanin ba, kuma sun cika. Ɗan Honda, Hirotoshi, nasa kamfanin ya kafa, Mugen, mai ƙara wa injuna ƙarfi. Tsohon kuwa ya shiga zagaya Japan, masana'anta zuwa masana'anta, gareji zuwa gareji, yana gaisawa da ma'aikatan da bai taɓa gani ba. In makaniki ya noƙe hannu don baƙin mai, sai ya kamo hannun a haka.

CG125 ta fito ne a 1975, bayan saukarsa. Injiniyoyin sun zagaya ƙasashe masu tasowa, suka ga babur ɗaya na ɗaukar mutum uku da kaya, ba a canza mai sai ya zama kamar kunu, ba a zuwa wurin gyara sai inji ya tsaya. Maimakon su ga laifin masu hawa, sai suka yi injin da zai jure hakan. Shi ya sa ya yi daidai da yashin Dallol Boso. A ɗaya gefen kuma, baburan tsere na NXR750 sun ci gasar Paris-Dakar sau huɗu a jere daga 1986 zuwa 1989, zamanin da take ratsa Tenere da Agadas.

Fujisawa ya rasu a Disambar 1988. A 1989 aka sa sunan Honda a zauren girmama manyan masana'antar mota na Amurka, shi ne ɗan Japan na farko. Ya ga fitowar NSX a 1990, motar gudu mai jikin alminiyam wadda Ayrton Senna ya taimaka wajen gwajinta, ya kuma halarci bikin fitar da ƴar ƙaramar Beat a Mayun 1991, mai kujera biyu marar rufi kamar S360 ɗin da ya tuƙa a Suzuka. Ciwon hanta ya ɗauke shi ranar 5 ga Agusta 1991 a Tokyo, yana da shekara 84. Ya bar wasiyya kada kamfani ya yi masa babbar jana'iza, don bai ga dacewar mai ƙera mota ya tare wa jama'a hanya da cunkoso ba. Taron godiya aka yi a hedikwata da masana'antu.

NSX da Beat yanzu su ma sun shiga sahun waɗanda ake farauta. Dokar Amurka da ta yarda a shigo da duk motar da ta cika shekara 25 ba tare da sharuɗɗan sabuwa ba ta sa dillalai na kwashe irinsu daga gwanjon Japan, farashi na ta hawa. A 1993 kamfanin ya buɗe wani shiri na karɓar tsohuwar NSX a sabunta wa mai ita, a 2017 kuma ya koma ƙera wasu kayan gyaran Beat saboda yawan waɗanda ke kan hanya har yanzu. A gidan tarihinsa na Motegi, da aka buɗe a 1998, akwai kanikawan da aikinsu shi ne su tabbata motoci da baburan da ke ajiye na tashi, kuma lokaci-lokaci akan fito da su a zagaya fili. S360 ce kaɗai ba a samu ko ɗaya da ta rage ba. Da kamfanin ya so nuna ta a baje kolin motoci na Tokyo a 2013, sai da ma'aikatansa suka sake ƙera ta.